Kira Biyu da Almuru

Rana ta riga ta faɗa bayan kacala, doguwar ciyawar ruwan da ta cinye rabin fadamar Guri, amma duhu bai gama shigowa ba. Lokaci ne da kaji ke taruwa bakin akurki, hayaƙin murhu ya kwanta ƙasa-ƙasa ya ƙi tashi, sauro kuma ya fara fitowa daga ruwa yana neman na ci. A gidan marigayi Gwadabe, gida na ƙarshe kafin a faɗa gonakin shinkafa, mata uku ne a tsakar gida. Yagana, matar mamacin, tana kan tabarma da carbi a hannu, wata biyu ke nan tana takaba. Larai, yayar Gwadabe, wadda ta taso daga Kaugama don ta taya ta zama, tana tuƙa tuwo tana mita ita kaɗai, don Larai ko da tukunya sai ta yi faɗa. Sai Zara, 'yar gidan tilo, mai shekara goma sha shida, tana wanke kwanuka, ta jingina empinta a jikin randa.

Abin da ake ce wa empin nan, in ka gan shi sai ka rantse waya ce. Gilashi ne sumul da ake shafawa da yatsa, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, sai dai ba ya ɗaukar layi, ba a kira da shi. Kawunta Haris ne ya tsinto shi cikin kayan gwanjo a Kano ya aiko mata. Tun daga ranar Zara ta samu abokin zama. A ciki take jin karatun alarammomi da safe, a ciki take duba ma'anar kalmomin makaranta, akwai manhajar da ke faɗa mata lokutan salla, akwai ta wasan jera 'ya'yan itace da ke sa ta ƙona miya. Da rana ta jona shi da 'yar solar da ke kan rufi, da yamma ya dawo hannunta. Larai ba ta taɓa kiransa da suna ba, sai dai ta ce “mijin nan naki na gilashi”.

Amma duk abin da ke cikinsa, abu ɗaya ne ya dami Yagana. A bara, lokacin da shinkafa ta yi nono, tsuntsayen jan-baki suka fito daga kacala kamar hayaƙi, kowane manomi ya tare a gonarsa da majajjawa da curin laka da igiyar gwangwanaye. Kowa da irin ihunsa na kora, har daga nesa akan gane gonar wane ce. Wata yamma Zara ta kai wa babanta ruwa, ta tarar da shi kan rumfar tsaro yana ta fama, sai ta buɗe manhajar ɗaukar murya don ta riƙa tsokanarsa. Muryar da ta ɗauka ba ta cika minti ɗaya ba. Wata uku bayan girbi zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da Gwadabe, kuma a duk faɗin duniya babu inda muryarsa ta rage sai nan. Dangi sun roƙa a tura musu, Yagana ta hana. Kishi take yi, ba ta kuma ɓoye ba.

Ita ce ta sa Zara ta mayar da muryar ta zama ƙararrawar yamma, ta riƙa tashi da kanta daidai lokacin da yakan dawo daga gona. To, ranar ma, da lokacin ya yi, gilashin ya yi haske a jikin randa, Gwadabe ya cika gidansa.

“Haayaa! Ku tashi, ɓarayin Allah! Gonar ubanku ce? Haayaa!”

Sai ƙarar gwangwanaye, sai dariyarsa, sai ya sassauta murya: “Ke Zara, kashe abin nan ki zo mu tafi. Iyarki na can tana jiranmu.”

Yagana ta rufe ido. Wannan jimlar ta ƙarshe take jira tun asuba, kullum.

Muryar na ɗaukewa wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwas, ya gangaro ya tsaya gaban tabarma. Ba wanda ya motsa. Ƙasar fadama ba ta da duwatsu, mai son jifa sai ya cura laka ya shanya. Wannan curin kuwa ɗanye ne, yana naso, yana warin gindin kacala. Larai ta ɗauka ta juya shi a hasken murhu. Akwai shatin yatsu a jiki, ƙanana ƙwarai, kuma da ta ƙirga sai ta ga sun fi biyar.

“'Ya'yan banza,” in ji ta da ƙarfi, don a ji a bayan katanga. Amma ta jefa curin cikin wuta da sauri, ta goge hannunta a zane har sau uku.

Washegari curi uku ne suka faɗo. Ranar da ta biyo baya ba a ƙirga ba. Ba sa zuwa da rana, ba sa zuwa in dare ya yi nisa, sai a wannan ɗan tsakanin, bayan muryar Gwadabe ta ɗauke, kafin ladan ya gama kiran magariba. Maƙwabta suka tsaya a bayan gida da sanduna, ba su ga kowa ba, sai ciyawa da ke kwanciya tana tashi alhali babu iska. Kaji suka daina shiga akurki, suka koma kwana kan katanga. Da safe Larai takan tarar da sawu a jiƙe daga zaure zuwa gindin randa, sawun ƙananan ƙafafu masu shigowa. Ta duba iya dubawarta, ta ga masu fita kullum ba su kai masu shigowa yawa ba.

A rana ta biyar suka ji muryoyin. Gwadabe na yin shiru, sai aka amsa daga bayan ɗakin girki, can ƙasa-ƙasa, muryoyin yara da yawa a haɗe: “Na'am. Na'am. Ga mu nan.”

Larai ta saki muciya. Ba ta yi ashar ba, abin da ya nuna lallai ta tsorata.

“Yagana,” ta ce, “abin nan ne. Duk ranar da ya yi kuka ake jifanmu. A kashe shi.”

“Yaya, muryar ƙaninki ce fa.”

“Na san muryar ƙanena, ni na goya shi. Ƙanena yana kabari. Yarinya ƙarama ma ta san ba a ƙwala kira da almuru, ke kin sa mamaci yana yi miki kullum.”

Yagana ta sunkuyar da kai. Zara ta cire ƙararrawar a gaban gwaggonta, ta nuna mata ta cire, Larai ta gyaɗa kai kamar ta gane. Sai dai Yagana ta iya abu ɗaya a jikin empin nan, ɗaya tak: a taɓa hoton ja, a taɓa layin sama. Washegari da yamma ta ce kanta na ciwo, ta shige ɗaki, ta ja bargo ta rufe kanta, ta cusa iyafis a kunne. A ganinta abin da bai fita daga kunnenta ba, babu mai jinsa. Ban ga laifinta sosai ba, duk wanda ya taɓa rasa wani ya san irin wannan satar. Amma sata ce, kuma a ranar aka biya.

Tana cikin bargo ta ji kwano ya faɗi a tsakar gida. Ta fito ta tarar da Zara tsaye cak, ta juya baya ga kowa tana fuskantar fadama. Ruwa na ɗiga daga kitsonta, alhali ba ta yi wanka ba. Sai yarinyar ta buɗe baki, wata murya ta fito wadda ba tata ba, muryar babbar mace, a shaƙe, irin ta wadda ta daɗe tana kira ba a amsa mata ba. Sunaye take jerowa, guda shida, waɗanda harshen mutum ba ya iya maimaitawa. In ta zo na shida sai ta ja shi, ta ja shi, ta yi shiru tana saurare, ta sake farowa.

Yagana ta riƙo hannunta, ta ji shi da sanyi kamar kifi. “Ke! Ke 'yar nan!” Zara 'yar fari ce, kuma tun da aka raɗa mata suna Yagana ba ta taɓa furta shi ba, don kunya, yadda uwar Yagana ma ba ta furta na ɗanta na fari ba. Yarinyar ta waiwayo a hankali, ta dube ta daga sama har ƙasa, irin kallon da mace ke yi wa wadda ta ɗaukar mata kaya. Sannan ta fizge ta nufi zaure. Sai da maza biyu suka taimaka aka dawo da ita daga bakin ruwa, ya riga ya kai mata gwiwa.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta sha ba. Da rana tana kwance idonta buɗe, da yamma ta miƙe ta yi kiranta, ta nemi ruwa. Suka ɗaure ƙafarta da zane a jikin gado. Idanunta suka faɗa, leɓenta ya tsage, kowa ya ga in aka ƙara kwana biyu a haka, ko ruwa ya ci ta ko yunwa. Mai takaba ba ta fita, don haka Larai ce ta yafa mayafi ta hau motar Haɗeja, ta dawo bayan la'asar da wani malami, Goni Fannami.

Tsoho ne siriri, kakanninsa daga bakin tafkin Cadi suka zo, maganarsa a hankali kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci. Bai zo da jaka ba, bai zo da bulala ba. Ya tsaya a zaure ya daɗe yana kallon ƙasa, ya bi sawun da ido har gindin randa, sai ya kauce bai taka wurin ba. Ya ce a fito da yarinyar tsakar gida, a kwance mata ƙafa. Ya zauna nesa da ita kaɗan, ya yi bisimilla, ya fara karanta ayoyin tsari, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri.

Rana tana sauka. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tabarma. Zara ta fara rawar ɗari, sannan ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman manyan mata, ta gyara ɗankwali.

“Ya isa, Goni. Kana ƙona ni, ban kuwa zo da faɗa da kai ba.”

“Lale,” in ji Goni Fannami. “Wace ce ke?”

“Maƙwabciya. Muna cikin kacalar nan tun kafin a haƙa rijiyar gidan nan. Ba mu taɓa shiga sabgarsu ba. Mijinta yakan yi mana sallama in zai yanki ciyawa, mutumin kirki ne.”

Yagana ta toshe bakinta da mayafi.

“To me ya kawo ki jikin 'yarsa?”

“Sata aka yi mini,” in ji muryar. “Kowace yamma nakan kira 'ya'yana su shigo, kamar yadda kuke kiran naku. Ranar da yarinyar nan ta ɗaga madubinta a gona, ina bayan rumfa ina kira. Ta kwashe muryar ubanta, ta haɗa da tawa. Tambayi matar nan, ta sani.”

Goni ya juya wajen Yagana. Ta sauke mayafin daga bakinta.

“Akwai wata murya, Malam. Can baya, siririya, in ya yi dariya ake jinta. Na ɗauka wata ce a gonar maƙwabta.”

“Wata biyu,” in ji bakin Zara, “kullum kira biyu ake yi da almuru, ɗaya daga gida, ɗaya daga nan. Yara su rabu, wasu su yi nan, wasu su yi can, ni in bi fadama ina tattarawa. Manyan sun gane daga baya, shi ya sa suke jifa, haushi suke ji. Autana bai gane ba. Bai iya komai ba tukuna sai muryata. Kwana tara ke nan yana can.” Hannun Zara ya ɗaga ya nuna gindin randa, wurin da takan jingina empin. “Ya ce uwarsa na cikin gidan nan. Na zo da kaina na tsaya a kansa, ya ƙi ni. Ba ya ci, ba ya sha. Yana jiran madubi.”

Babu wanda ya kalli randar kai tsaye. Amma duk sun ji ruwan cikinta ya motsa sau ɗaya, kamar an taɓa shi da yatsa.

“An cire ƙararrawar ai,” in ji Larai. “A gabana aka cire.”

“An cire, ya fara saki, har ya biyo ni zuwa zaure. Sai wata ta shiga bargo.”

Larai ta juyo ta dubi matar ƙaninta. Da ta zage ta da ya fi sauƙi. Kunya da nadama suka taru suka danne Yagana har ta kasa ɗaga kai.

“Me kike so?” in ji Goni.

“Ɗa a madadin ɗa. Nawa yana bushewa a nan, nata ya zo ya zauna a ruwa.”

“Wannan ba za a yi ba, kin kuma san ba za a yi ba. Ba da gangan aka cuce ki ba. In kin dage, ni ma in dage, ga dare ga karatu, sai mu ga wanda zai gaji. Amma kafin mu gama, naki ya mutu, nata ya mutu. Faɗi abin da zai raba ɗanki da gidan nan.”

Daga nesa aka ji masu shanu suna kora su gida.

“A kashe muryar. Ba a rufe ta ba, ba a ɓoye ta ba. A fitar da ita daga duniya. In ya ji babu, zai biyo ni.”

“A raba mana,” Yagana ta yi wuf ta ce. “A cire taki a bar tasa. Yaran yanzu sun iya, a Haɗeja akwai masu yi.”

“Cikin dariyarsa nake, baiwar Allah. Ta ina za a yanka?”

Goni Fannami ya miƙa hannu, Larai ta ɗauko empin ta ba shi. Yana da waya irin ta shafawa, don haka bai sha wuya ba, ya nemo layin muryar, ya danne shi har jan akwatin gogewa ya fito. Amma bai taɓa ba. Ya ajiye shi kan tabarma gaban Yagana.

“Ba hannuna ya kamata ba,” ya ce. “Naki ne.”

Ta dubi gilashin. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san siffar layin nan kamar yadda ta san tafiyar mai shi. Shekara goma sha tara suka yi tare, abin da ya rage mata ke nan, bai cika minti ɗaya ba.

“Sau ɗaya,” ta ce, ba Goni take roƙo ba, bakin 'yarta take kallo. “Ki bar ni in ji sau ɗaya, in yi sallama da shi. Ke ma mace ce.”

“In ya sake ji sau ɗaya, ba zai ƙara yarda da ni ba har abada. Ni ma uwa ce. Zaɓi.”

Yagana ta dubi wuyan Zara, yadda ƙasusuwa suka fito, da jijiyar da ke bugawa a hankali. Ta sa yatsa ta taɓa jan akwatin. Layin ya ɓace, na ƙasa ya hau ya maye wurinsa, kamar ba a taɓa yin komai a nan ba.

Sai randa ta yi ƙara, ta tsage daga baki har gindi, ruwa ya malale a tsakar gida. A kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, suna kallo, wasu 'yan ramuka suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, a karkace, irin tafiyar mai koyon tafiya. Suka nufi Zara suka tsaya. Hannuwan yarinyar suka buɗe suka rungume abin da ba a gani, aka yi wani sauti a maƙogwaronta wanda duk wadda ta taɓa haihuwa ta san shi.

“Za ki fita?” in ji Goni.

“Zan fita. Na yi rantsuwa da wanda ya halicce mu ya halicce ku, ba ni ba gidan nan. Amma ki ji da kyau, matar Gwadabe. Ranar da muryata ta sake tashi a bakin wani abu da ba bakina ba, ko a ina ne, ko da rana tsaka ne, ba zan tsaya magana da malami ba. Ɗauka zan yi.”

Zara ta yi atishawa sau uku ta kife. Ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa. Larai ta girgiza ta, ta yayyafa mata ruwa, ko gezau. Goni ya ce wadda aka yi nisa da ita sai an kira ta, kuma ba kowace murya za ta bi ba. Yagana ta durƙusa, ta kai bakinta kunnen yarinyar, ta furta sunan da ba ta taɓa furtawa ba, a gaban yayar mijinta da baƙon namiji. Sai a kira na uku Zara ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa.

Ba a sake jifa ba. Kaji suka koma akurki, aka sayo sabuwar randa, Larai ta koma faɗa da tukunya. Aka ba Zara labarin abin da ya faru, ta saurara, ta yi kuka, ta ce ba ta tuna komai sai sanyi. Yagana kuwa takan zauna da yamma tana ƙoƙarin jiyo muryar a cikin kanta. Kalmomin suna nan duka, amma sautin ya fara dushewa, wannan ya ba ta tsoro fiye da jifan.

Goni Fannami ya san aljanu, amma bai san manhaja ba. A rana ta huɗu bayan an goge muryar, da hantsi, Larai ta tafi kai niƙa, sai Zara ta shigo ɗaki da sauri ta sakaya ƙofa. Fuskarta na haske, rabon da a ga haka tun kafin rasuwar.

“Iya,” ta ce da raɗa, “Baba yana nan.”

Ta zauna ta nuna mata. Ashe abin da aka goge ba ya tafiya nan take, wani kwandon shara yake faɗawa, ya yi kwana talatin yana jira ko mai shi zai yi nadama. Ga layin nan kuwa, shi kaɗai a ciki, da 'yar lamba a gefe.

“Saura kwana ashirin da shida. Taɓawa ɗaya ce ya dawo. Ba za mu kunna a nan ba, Iya, wallahi. In kin fita takaba mu tafi Kano wajen Kawu Haris, can babu fadama, babu kacala. Ko ba mu kunna ba ma, mu dai san yana nan.”

Yagana ta karɓi empin da hannu biyu. Tana so, Allah ya sani tana so, kuma duk abin da yarinyar ta faɗa ya yi kama da hankali. Amma ta san kanta. Ta san akwai yammar da za ta zo, ko a Kano ko a ina, da za ta sake jan bargo.

Akwai akwati biyu a ƙarƙashin layin.

“Wanne ne mai dawo da shi?” ta tambaya.

“Wannan, shuɗin.”

“Ɗayan fa?”

“Kar ki taɓa shi, Iya. Shi ne mai gogewa gaba ɗaya, in an taɓa shi ke nan.”

Yagana ta taɓa shi. Abin ya sake fito da wata tambaya, ta ga ja a ciki, ta sake taɓawa kafin hannun Zara ya iso.

Yarinyar ta fizge empin ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta fita ta sake shiga. Kwandon babu komai. Ta ɗago ta dubi uwarta, bakinta a buɗe, hawaye na zuba.

“Ni na ɗauke shi,” ta ce. “Da hannuna na ɗauka. Babana ne. Ba ki ko tambaye ni ba.”

“Ban tambaye ki ba.”

“Ba zan yafe miki ba, Iya.”

“To,” in ji Yagana.

Zara ta fita ta bar ƙofa a buɗe. Kwana goma sha ɗaya ba ta yi wa uwarta magana ba, ko gaisuwar safe sai dai ta durƙusa ta tashi. Da yamma takan kwashi kwanuka ta koma can ƙarshen gida, ta juya baya, ta yi ta dirzar tukunya da ƙarfi don a san fushi take. Yagana kuwa sai ta jawo tabarmarta inda za ta riƙa hango ta. Mijinta ya tafi ke nan gaba ɗaya, kuma abin yana mata ciwo kamar ranar farko. Ta zauna cikin shirun tana kallon bayan 'yarta, yadda kafaɗun ke hawa suna sauka, a bushe, da rai, har duhu ya hana ta gani.